Wata Bakwai Muna Neman Mai Dam Ɗin Garinmu

Ranar da na ga ruwan, ba duba dam na je ba. Na bi ta ƙasan ganuwar ne da la'asar zan leƙa gonar shinkafar mahaifiyata, sai ƙafata ta nutse a wurin da na san busasshe ne tun ina yaro. Na tsuguna na ture ciyawa, sai ga ruwa yana tsattsafowa daga gindin ganuwar. Bai fi kaurin yatsa biyu ba, amma ja ne, kamar an dama jar ƙasa a ƙwarya. A makon ne dam ɗin Alau ya ɓalle, daren 9 ga Satumba 2024 wayewar 10, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, kowa a majalisa da hoton a wayarsa. Na ɗaga kai na dubi tudun ƙasar da ke bisa kaina, na waiwaya na hango rufin makarantar firamaren da nake koyarwa da gidajen da ke bayanta, gabana ya faɗi. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, don haka ɗawainiyar ta faɗo kaina. Na rubuta abin da ya biyo baya ne saboda garuruwa da yawa a Arewa suna kwana ƙarƙashin irin wannan dam, kuma yawon da na yi na wata bakwai, da na san hanya, da wata biyu sun isa.

Dam ɗin namu na ƙasa ne zalla, tsawonsa taku ɗari uku da 'yan kai, tsayinsa a tsakiya kamar soro mai hawa ɗaya. An gina shi ne shekara ashirin da wani abu da suka wuce don tare ƙoramar da ke gangarowa daga duwatsun arewa da gari, wadda a da duk Agusta sai ta ci gidaje. Tun da aka datse ta ambaliya ta tsaya, aka samu ruwan shanu da na noman rani da ɗan kifi. Da mutane suka ga shekaru sun ja ba ruwa, sai suka yi ta yanka filaye a tsohuwar hanyar ƙoramar. Yau unguwa guda ce a wurin, har da masallaci da injin niƙa. Wato idan ganuwar ta tafi, ɓarnar za ta ninka ta kafin a gina ta.

A daren na sami mai unguwa, muka tafi wurin dagaci bayan isha'i. Da safe muka koma wurin da dattawa. Wani tsoho da ya yi lebura lokacin ginin ya kalli ruwan ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Ya tuna mana Bagauda ta Kano da ta ɓalle a Agustan 1988, wani kuma ya kawo zancen dam ɗin Gusau na 2006. Abin da hankalinmu ya ba mu shi ne mu toshe. Matasa suka kwaɓa yumɓu suka cusa a ramin suka daddanne da ƙafa. Kwana biyu sai ruwan ya ɓullo ta gefe, taku uku daga wurin farko, ya fi na da ƙarfi. Daga baya na gane kuskure ne babba. Allah ne ya rufa asiri, damina ta zo ƙarshe, ruwan dam ya fara ja da baya.

Dagaci ya ce a rubuta takarda. Na rubuta da hannu, na kai wani shago a hedikwatar ƙaramar hukuma aka buga min, naira 500 shafi ɗaya. Taken da na sa shi ne "Neman a gyara mana dam cikin gaggawa". Dagaci ya sa hannu, muka kai wa hakimi ranar zaman fada. Na faɗi na yi gaisuwa na ce, "Allah ya ja zamaninka, talakawanka ne ke kwana da ido ɗaya." Ya saurara sosai, ya sa magatakarda ya buga hatimi, ya ce mu kai sakatariya. Nan ne kaɗai aka gama da mu a rana guda.

A sakatariyar ƙaramar hukuma na yi kuskurena na biyu. Na miƙa wa wani akawu takardar, ta asali mai hatimin hakimi, ya jefa a tire ya ce in dawo mako mai zuwa. Ban riƙe kwafi ba, ban ce ya buga min shaidar karɓa ba. Na dawo sau uku, kowane zuwa naira 2,000 kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, kuma sai na nemi izinin hedimasta na bar aji. A zuwa na uku aka ce ba a ga takardar ba, akawun ma an sauya masa ofis. Kunyar komawa gaban hakimi neman sabon hatimi ta fi asarar kuɗin ciwo, amma na koma. A wannan karon na yi fotokwafi biyar, na kai ofishin karɓar wasiƙu, na tsaya a kan mai rajista har ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafina ya sa hannu. Bayan mako biyu na samu ganin shugaban sashen ayyuka. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya karanta har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wannan dam ba namu ba ne. Mu rijiyoyi da kwalbatoci muke yi. Ba mu da takarda ko ɗaya a kansa. Ku tafi jiha."

Tafiya babban birnin jiha naira 8,000 ce zuwa da dawowa a lokacin, ban da abinci. Ƙungiya ta haɗa min. Na bar gari bayan asuba, na isa ma'aikatar albarkatun ruwa ƙarfe tara da rabi, na zauna a benci har azahar saboda darakta yana taro. Da na shiga tambayarsa ta farko ita ce wa ya gina dam ɗin, a wace shekara, ƙarƙashin wane shiri. Na buɗe baki na rasa amsa. A garinmu in ka tambayi mutum goma za ka ji amsa huɗu: wasu su ce gwamnan soja, wasu su ce ɗan majalisa ne ya kawo, wasu su ce Turawa, wasu su ce "gwamnati" kawai su yi shiru. Allon da aka kafa ranar buɗewa ya daɗe da cin tsatsa, an cire shi an yi ƙofar garke da shi. Darakta ya sa aka duba jerin madatsun da ke hannunsu, ba sunan garinmu. Ya ce ko da yana ciki, gyara kuɗi yake ci, kuɗi kuma sai an sa a kasafi, kasafin baɗi kuwa an riga an miƙa. Ya ce in gwada hukumar raya koguna ta tarayya, wataƙila nasu ne. Na fito na tsaya a bakin get ina riƙe da fayil, raina a ɓace, ina tunanin me zan gaya wa mutanen da suka tara min kuɗin mota da ɗari biyu-biyu.

Ga wanda bai sani ba, gwamnatin tarayya tana da hukumomin raya koguna goma sha biyu, tsarin da aka faro a 1976, kowace da yankinta. Ta Hadejia da Jama'are tana Kano, ta Sakkwato da Rima tana Sakkwato, ta Tafkin Chadi tana Maiduguri, ta saman Binuwai tana Yola. Su ke riƙe da manyan madatsu irin Tiga da Challawa da Goronyo, kuma suna da injiniyoyin da aikinsu ke nan. A ƙarshen Nuwamba na je ofishin tamu. Nan ma aka duba, dam ɗinmu ba ya cikin nasu. Amma zuwan bai zama banza ba, domin masinja ya tausaya min ya kai ni wurin wata injiniya, Hajiya mai kimanin shekara hamsin, wadda ta ba ni minti arba'in da suka sauya tafiyar gaba ɗaya.

Na nuna mata hoton bidiyon da na ɗauka a waya. Ta sa na maimaita shi sau biyu, ta tambaye ni launin ruwan. Da na ce ja ne, sai ta ajiye biro. Ta ce kowane dam na ƙasa yana ɗan tsattsafo, in ruwan garau yake kuma ba ya ƙaruwa, sa ido kawai ake yi. Amma ruwa mai laka yana nufin yana kwasar ƙasar cikin ganuwar yana fitowa da ita, yana haƙa wa kansa rami daga baya zuwa gaba, ranar da ramin ya haɗu da tafkin kuwa sa'o'i kaɗan sun isa. Na gaya mata mun toshe da yumɓu. Ta ce, "Kar ku ƙara. In kun toshe masa baki, wata hanya zai nema. Ku shimfiɗa yashi mai kauri a wurin, ku ɗora ƙananan tsakuwa, sannan manya. Ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya." Ta koya min in riƙa ɗibar ruwan a farar gora in ajiye ya kwana in ga ko laka za ta kwanta, in kuma riƙa auna minti nawa yake cika bokiti, in rubuta a littafi da kwanan wata. Ta bayyana min cewa a ma'aunin duniya babban dam shi ne mai tsayin mita 15 zuwa sama, ko wanda ya haura mita 5 in yana riƙe da ruwa fiye da kubik mita miliyan 3. Irin namu ƙanana ne, shi ya sa suke faɗawa tsakanin ofisoshi, kowa yana ganin na wani ne. Sai ta ɗauki takardata ta ja layi a ƙarƙashin taken. Ta ce, "Malam, kalmar gyara ce ke kashe maka takarda. Duk wanda ya gan ta miliyoyi yake hangowa, sai ya ture. Ka rubuta kana neman a turo injiniya ya duba lafiyar dam ya ba da rahoto. Wannan darakta zai iya sa hannu a kai yau. Sannan ka nemo takardar miƙa aiki. Ba a gama irin wannan gini a tafi ba a damƙa shi hannun wani ba."

Neman takardar ya ci mana Disamba. Na tambayi tsofaffin kansiloli biyu, na je gidan wani tsohon sufeton ayyuka da ya yi ritaya, ya tuna ranar bikin har da abin da aka ci, amma takarda babu. Matar marigayi tsohon dagaci ce, Inna, ta aiko jikanta ya kira ni. Ta sa aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ce, "Ɗan nan, duk takardar da baban su ya ce a adana tana nan, ni ban san karatun boko ba." Muka zauna a tabarma ni da dagaci muna fitar da rasit na haraji da katin zaɓe na da da hotuna. A can ƙasa, cikin leda, ga takarda shafi biyu, gefenta gara ta ɗan taɓa, hatimin ya koma ruwan ƙasa. Wata hukumar raya karkara ta jiha ce ta gina dam ɗin, wadda daga baya aka rushe aka raba ayyukanta, kuma takardar ta ce an miƙa shi ga ƙaramar hukuma don kulawa, tare da kwamitin gari. An aiko wa dagaci kwafi. A shafi na biyu an rubuta tsayin ganuwar da faɗin makwararar da aka yanka a gefen gabas don rarar ruwa ta fita. Hannuna har rawa yake. Kwamitin garin da aka ambata kuwa, ba wanda ya tuna an taɓa kafa shi.

Na yi fotokwafi goma, ta asali ta koma adakar Inna. Shugaban sashen ayyuka ya karanta ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya bai taɓa ganinta ba, kuma na yarda da shi, domin lokacin da aka rubuta ta yana makaranta. Ya ce su ba su da injiniyan dam, amma ciyaman zai iya rubuta wa ma'aikata a hukumance. Sai dai ya ce kafin nan ƙungiyarmu ta yi rajista, don a san da wa ake magana. Wannan a sashen ci gaban al'umma ake yi. Sun nemi kundin tsarin ƙungiya, sunayen shugabanni da hotunansu biyu-biyu, bayanin taron da aka zaɓe su, da takardar shaida daga dagaci. Mun biya naira 10,000 aka ba mu rasit, satifiket ya fito bayan kwana goma sha biyu. Takardar ciyaman kuma ta ɗauki mako uku, galibi jiran ya dawo daga tafiya. Kansilanmu ne ya tsaya a kai. Na karɓi takardar da hannuna na kai ma'aikata, ban yarda a aika ba, domin zuwa da kai ya fi aike. Na haɗa da kwafin takardar miƙa aiki, hotuna shida da na wanke, da shafukan littafin awon bokiti. Daraktan da ya sallame ni a Oktoba shi ne ya karanta ya rubuta a gefe da jan biro cewa a tura injiniya. Bai kai minti goma ba.

An gaya min a fili cewa motar ofis ba mai, in muna so a zo da wuri sai mu ɗauki nauyi. Mun kai maganar taron ƙungiya aka amince, muka ba da naira 45,000 na mai, na sa aka rubuta a littafin kuɗi kowa ya gani. Ban ji daɗin hakan ba, domin aikin gwamnati ne, amma na auna da damina mai zuwa. Injiniyan ya zo tsakiyar Fabrairu da yaro ɗaya da na'urar awo mai ƙafa uku. Ya ƙi zama cin abinci sai an gama. Muka fara daga ƙarshen yamma muna tafe a kan ganuwar, shi a gaba da sanda, mu kusan talatin a baya. Duk inda ya tsaya sai ya sa yaron ya kafa turke. Ya tsaya a kan suri uku, ya caka sandar a gindin ɗaya ta shige har rabi. Ya nuna ramukan gafiya a gangaren baya. Ya tsaya a ƙarƙashin darbejiyoyi biyar da wata bagaruwa da suka girma a jikin ganuwar, inuwar da masunta ke hutawa, ya ce saiwarsu tana ratsa ƙasar tana neman ruwa, ranar da bishiya ta mutu ko iska ta tumɓuke ta, hanyar saiwar ta zama bututu. Tsattsafon da na gani yana daidai ƙasan babbar darbejiyar. A tsakiya, inda shanu ke haurawa zuwa mashaya, na'urar ta nuna saman ganuwar ya lotsa da fiye da rabin mita. Mu da muke bi kullum ba mu taɓa lura ba.

Da muka isa makwarara a gefen gabas sai ya tsaya ya riƙe ƙugu. An jera buhunan yashi hawa uku a bakinta, ciyawa har ta fito a kansu. Ya tambayi wa ya sa. Aka yi tsit. Kowa ya sani: masu noman rani ne suka fara shekaru shida da suka wuce don dam ya ƙara riƙe ruwa har Afrilu, kuma cikinsu akwai kawuna, ni ma na taɓa taya shi ɗauka. Injiniyan bai yi faɗa ba. Ya ɗauki kara ya zana a ƙasa. Ya ce tazarar da ke tsakanin bakin makwarara da saman ganuwa ita ce ran dam na ƙasa, domin siminti yana jure ruwa ya bi ta kansa, ƙasa kuwa ba ta jurewa, da ruwa ya haura ta sai ya fara cin bayanta kamar wuƙa a sabulu. Mun ɗaga makwarara da buhuna, shanu sun sauke ganuwa, laka kuma ta cika cikin tafkin ta rage masa ciki. Abin da ya rage tsakanin ruwa da saman ganuwa a cikar damina bai kai tsawon hannu ba. Ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ne tsakaninku da abin da kuke tsoro."

Rahoton ya ɗauki mako biyar. Na kira har na fara jin nauyi, na je sau ɗaya aka ce yana wurin mai buga takardu. Da ya fito shafi huɗu ne, an aika wa ciyaman, mu aka ba mu kwafi saboda na roƙa a rubuce tun farko. Ya raba aikin gida biyu. Akwai wanda gari zai iya da hannunsa kafin ruwa ya sauka: kwashe buhuna, share makwarara, tone suri da ramuka a cike, cire bishiyoyi, cike lotsawar, shimfiɗa yashi da tsakuwa a gindin ganuwa, dasa ciyawa. Akwai kuma wanda sai gwamnati: zuba kankare da duwatsu a makwarara, jera dutse a fuskar da ke kallon ruwa, da yashe lakar tafkin da katafila.

Taron da aka yi a ƙofar gidan dagaci ya fi duk ofisoshin da na shiga zafi. Masu noman rani suka ce cire buhuna yana nufin tumatir da albasarsu su ƙone a Maris. Gaskiya suka faɗa, ba ƙaramar asara ba ce ga mai iyali. Kawuna ya miƙe ya ce da ni, "Kai da albashi kake ci, me ka sani?" Ban amsa ba, na miƙa wa liman rahoton, wani ɗalibi ya fassara sakin layin da ya yi maganar gidajen da ke ƙasa. Sai wata dattijuwa daga unguwar ƙorama ta yi magana daga bayan zana, ta ce ita da jikokinta bakwai ne a ɗakin da ya fi kusa da ganuwa, a gaya mata buhu nawa na albasa ne kuɗinsu. Daga nan murya ta sauka. Aka tsaya a kan a cire buhunan gaba ɗaya, ƙungiya kuma ta taimaka wa masu lambu su haƙa 'yan rijiyoyi a fadamar ƙasa. Ardo ya yarda a sauya wa shanu hanya ta zagaya ƙarshen yamma, ya kuma ba da rago biyu gudummawa.

Aikin gayya ya ci Asabar da Lahadi shida, daga ƙarshen azumi zuwa tsakiyar Mayu. Kowane gida naira 2,000 ko kwano biyu na hatsi. Mun sayi tifa tara ta jar ƙasa mai yumɓu da biyu ta tsakuwa, yashi kuwa daga ƙorama muka ɗebo da amalanke. Abin da injiniya ya fi jaddadawa shi ne kar a zuba ƙasa tuli guda. Ana zuba kamar tsawon tafin hannu, a yayyafa ruwa ta yi danshi ba caɓi ba, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. Ba mu da rola, sai tsofaffin mata suka fito da madaɓansu na daɓen ɗaki, 'yan mata suna jido ruwa, maza suna bi da guntayen turmi da aka sa wa mariƙi. Bishiyoyin ba sara kawai aka yi ba, an tone kututturen da manyan saiwoyi, aka buɗe ramin, aka cike shi hawa-hawa. Babbar darbejiyar ta ci mana kwana biyu, kuma da aka ɗaga ta mun ga wata saiwa mai kaurin cinya ta nufi cikin ganuwar, gefenta a jiƙe. Mun dasa kiri-kiri a gangaren, jema kuma a gefen makwarara. Injiniyan ya dawo sau ɗaya ya duba, ya sa muka sake wani wuri da aka yi gaggawa. Ya kafa mana ƙarfe a cikin ruwa aka shafa masa fenti: fari, rawaya, ja.

Na kuma je hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da kwafin rahoton. Ba su da abin ba mu na gini, amma sun rubuta sunan garin da lambobin waya uku, kuma wani jami'i ya ba ni shawarar da ta yi amfani: a san tun yanzu wa zai yi shela, da me, kuma ina za a gudu. Muka tsayar cewa in ruwa ya taɓa rawaya, mutum biyu za su kwana a kan ganuwa da tocila. In ya taɓa ja, ko aka ga ruwa mai laka, ladan zai yi shela a lasifikar masallacin Juma'a, unguwar ƙorama ta hau tudun makarantar allo, tsofaffi da yara a gaba. Jami'in ne kuma ya nuna min cewa NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma, hukumar ƙasa mai lura da ruwa da koguna, tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya kafin ruwa ya sauka. Yanzu ina bibiyarsu a waya.

A Agustan 2025 aka yi wani ruwa daga tsakar dare har hantsi. Ni da sarkin ruwa muka kwana a kan ganuwa cikin leda. Ruwa ya haura fari, ya taɓa rawaya wajen ƙarfe huɗu, makwarara tana ruri kamar jirgi, faɗinta duka a cike. Duk rabin awa nakan gangara gindin ganuwa in haska tsakuwar, in tara gora. Ruwan garau yake fitowa. Da gari ya waye ya tsaya yatsa huɗu ƙasa da ja, sannan ya fara sauka. Na tsaya ina kallon inda buhunan suke a da, na ƙiyasta tsayinsu a kan ƙarfen, na ga inda ruwan zai kai. Ban gaya wa kowa ba a lokacin, na dai zauna a ƙasa don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

In da zan sake daga farko, adakar Inna zan fara nema kafin in taka kowane ofis, domin wata uku na farko sun tafi ne a kan tambaya ɗaya da ban iya amsawa ba, wato dam ɗin na wane ne. A tambayi gidan sarauta, tsofaffin kansiloli, da waɗanda suka yi aikin. Sannan takarda ta nemi a zo a duba, ba a gyara ba, kuma kar a bar kowane tebur ba tare da hatimin karɓa a kan kwafinka ba. A je da hoto da awo a rubuce, don na ga yadda fuskar jami'i ke sauyawa in ka ajiye masa littafi maimakon ka ce "ruwa yana yoyo sosai". A yi rajistar ƙungiya tun kafin a buƙace ta. A fara yawon da kaka, domin aikin ƙasa na rani ne, wanda ya fara a Yuni ya makara. Jimillar abin da muka kashe a zirga-zirga da takardu da mai ya kusa naira 130,000, kuma kusan rabinsa na tafiye-tafiyen da ba su zama dole ba ne. Abin da ya fi min nauyin faɗa shi ne yawancin abin da ya kusa kashe mu, da hannunmu muka yi shi, kuma ba sai da takardar kowa ba za a iya zagaya ganuwa a duba suri da bishiya da buhu.

Kashi na biyu na rahoton har yanzu yana jira. Ruwan Agusta ya ci ƙarshen makwarara, ya yanka kwari mai zurfin ƙugu da ke matsowa baya, kuma wannan ya fi ƙarfin madaɓi. Ciyaman ya rubuta a sa aikin a kasafi, mun kuma kai kwafin rahoton ofishin ACReSAL na jiha, shirin nan na Bankin Duniya da ke aikin gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, an karɓa an buga mana hatimi. Kafin a ji daga gare su, kwamitin dam, wanda yanzu yake da mutum tara har da mata biyu da wakilin ardo, ya sa ranar Asabar ta farko bayan girbi a fara tara duwatsu a bakin kwarin. Littafin awon bokiti yana hannun sarkin ruwa, ranar Juma'a yake kawo min in duba.